Faifan waje yana neman fomat, kuma aikin biki uku na ciki

Mai Hoto:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Injiniyoyin gidan nan a taimaka. Faifan ajiya ne na waje, HDD mai inci 2.5, 1TB, irin wanda ake jonawa da USB. Jiya aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi a kwamfutar tebur, tun daga nan in aka jona shi sai Windows ya ce sai an yi masa fomat. A Disk Management yana fitowa da girmansa, 931 GB, amma inda ya saba rubuta NTFS, wato tsarin fayilolinsa, yanzu RAW ne a rubuce, alamar Windows bai gane tsarin ba. Hotuna da bidiyon biki uku ne a ciki waɗanda ba a miƙa wa masu su ba, kuma babu kwafinsu a wani wuri. Yaya za a ciro kayan? Sannan wane iri ya kamata a saya a madadinsa?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Kar ka danna fomat ɗin nan ko da wasa. Buɗe CMD da ikon admin ka rubuta chkdsk E: /f /r, ka sa harafin faifanka a maimakon E. Yawanci in ɗaukewar wuta ce yana gyarawa.

Injiniya:
Ɗan Birni, maganar fomat daidai ce, amma chkdsk a ajiye shi tukuna. In da gaske fatishan ɗin, wato sashen faifan da fayiloli suke ciki, ya koma RAW, sau da yawa chkdsk ma ƙin tashi yake yi. In kuma ya tashi, a nan haɗarin yake, domin rubutu yake yi a kan faifan. Aikinsa shi ne ya daidaita tsarin NTFS, ba ruwansa da ko hotunan mutum sun tsira. Duk bayanin da ya ga bai fahimta ba a teburin fayiloli sai ya yanke shi, ya jefa ɓurɓushin a cikin FOUND.000 da sunaye masu ƙarewa da .chk. Ita kuma /r tilasta wa faifan take yi ya karanta kowace sekta, wato ƙananan gurabun da ake rubuta bayani a ciki, daga farko har ƙarshe, awanni da yawa. Faifan da ke da lafiya zai jure. Wanda allurarsa, mai karanta bayani daga farantin da ke juyawa a cikinsa, ta fara rauni a wannan karatun yake ƙarasawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Mai Hoto, kafin komai amsa min waɗannan. Ka kara shi a kunne lokacin da ka jona: kana jin yana juyawa sumul, ko yana ƙas-ƙas-ƙas, ko wani ɗan kuka siriri kamar na ƙaramin tsuntsu? Ya taɓa faɗuwa? A wace kafar USB kake jona shi, ta gaba ko ta bayan kwamfutar?

Mai Hoto:
Yana juyawa Injiniya, babu ƙas-ƙas. Sai dai in an jona yana ɗaukar kamar minti biyu kafin ya bayyana, kwamfutar ma sai ta riƙa sanƙarewa. Bai faɗi ba a iya sanina. Ta gaba nake sa shi.

Baba Mai Gyara:
To yaro, fara da abu mai sauƙi. Kafar gaba ta kwamfutar tebur da doguwar waya siririya aka jawo ta daga babban bodi, wuta na raguwa a hanya. USB 2.0 a ƙa'ida 500mA yake bayarwa a kan bolt 5, USB 3.0 kuma 900mA, alhali faifan inci 2.5 lokacin da zai tayar da farantinsa yakan ja kusan amfiya ɗaya. In wutar ta gaza sai ya yi ta tashi yana mutuwa, har ma ya yi ƙarar da za ka ɗauka allura ce ta lalace. Mayar da shi kafar baya mai launin shuɗi, ka canza kebul da gajere mai kauri. Bakin nan mai faɗi na Micro-B yana yawan sakin jiki, ka duba ko yana girgiɗi.

In babu canji, ɓalle kwanson a hankali da katin roba. Wasu faifan a ciki SATA ne na gama-gari, irin bakin da ake jona faifai da shi a cikin kwamfuta, da ɗan ƙaramin bodi a bakinsa mai fassara USB. Irin wannan ka zare bodin ka jona faifan kai tsaye da kebul ɗin SATA a cikin kwamfutar tebur, ya fi kowace hanya. Amma su WD My Passport da Elements ƙanana, bakin USB ɗin a jikin bodin faifan aka lanƙaya shi, babu SATA da za ka samu. My Passport kuma yana ɓoye bayanai da kansa tun daga bodi, don haka kar wani ya ce maka a sauya bodi kawai a huta.

Mai Hoto:
Baba na buɗe. SATA ne a ciki. Na jona shi kai tsaye, har yanzu RAW, kuma sanƙarewar tana nan.

Malama:
Wannan sanƙarewar ita ce abin lura, domin ɓacin tsarin fayil shi kaɗai ba ya sa kwamfuta tsayawa. Faifan ne yake maimaita karatun wurin da ya gagare shi, Windows yana jiransa. Ɗan'uwa sauke CrystalDiskInfo, kyauta ne, amma a faifan kwamfutarka za ka sa shi, ba a marar lafiyan ba. Ka duba layuka huɗu a ginshiƙin ƙarshe na dama. 05 shi ne yawan sektocin da suka mutu aka maye gurbinsu da na ajiya. C5 waɗanda aka kasa karantawa ne suna jiran hukunci. C6 waɗanda suka gagara gyaruwa. C7 kuwa kuskuren hanya ne tsakanin faifai da kwamfuta, in shi ne yake hawa to kebul ne ko baki. Manhajar tana nuna lambobin da lissafin heksa, ka shiga Function, Advanced Feature, Raw Values ka zaɓi 10 DEC don ka ga adadin da muka saba. Da ka gama dubawa ka kashe faifan.

Ga masu Seagate da ke karanta wannan: in kun ga miliyoyi a layin 01 da 07 kar hankalinku ya tashi, haka kamfanin yake lissafa waɗannan biyun ko a sabon faifai.

Mai Hoto:
Malama, ya nuna Caution da ruwan ɗorawa. 05 yana 56, C5 yana 424, C6 ma 424, C7 sifili.

Injiniya:
To magana ta fito. Faifan ya jima da fara lalacewa, ɗaukewar wutar ce ta tona shi. C7 sifili, kebul ba shi da laifi. Daga yanzu duk mintin da ya yi a kunne daga cikin sauran kwanansa ake cira, saboda haka abu ɗaya za a sa shi ya yi: a kwafe shi sekta-sekta zuwa wani faifai mai lafiya, sau ɗaya, sauran bincike duk a yi shi a kan kwafin.

Nemo faifan 2TB. 1TB ba zai ɗauki fayil ɗin kwafin ba, domin faifan naka bayit 1,000,204,886,016 ne cif, shi kuma wanda za a zuba a ciki tsarin fayil ya riga ya ci wani abu daga nasa. Ko da 2TB ɗin ma ka lura, rabi kwafin zai cinye, rabin da ya rage nan za ka fitar da hotunan.

Sa SystemRescue, wani Linux ne na ceto bayanai, a filash da Rufus ko Ventoy, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Yana zuwa da ddrescue mai yin kwafin da TestDisk mai ciro fayiloli a ciki, kuma ba ya buɗe faifai da kansa kamar yadda Windows ke yi. Rubuta

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL

ka tabbatar wanne ne marar lafiyan ta girmansa da sunan samfurinsa. Ka duba sau biyu, domin haruffan sda da sdb suna iya sauyawa duk lokacin da aka sake tayarwa. A ce marar lafiyan sdb ne, mai lafiyan kuma ka haɗa shi a /mnt ka shiga ciki:

ddrescue -n /dev/sdb kwafi.img taswira.map

Wannan zagayen farko yana ɗebe duk abin da ke karantuwa cikin sauƙi, yana tsallake wuraren da suka yi tauri. In ya gama sai

ddrescue -d -r3 /dev/sdb kwafi.img taswira.map

ya koma kan wuraren da ya tsallake ya gwada kowanne sau uku. Fayil ɗin taswira.map shi ne ran aikin. A ciki yake rubuta inda ya karanta da inda ya rage, in wuta ta ɗauke ka sake ba shi umarnin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Faifai mai lafiya a gudun 100 MB a daƙiƙa kamar awa uku yake ɗauka. Wannan zai iya kwana, zai iya kwana biyu. Ɗora aikin a kan inbata ko UPS, ka sa masa fanka tana hura shi.

In a tsakiyar aikin ya fara ƙas-ƙas, kashe nan take. Daga nan aiki ya koma na masu ɗaki marar ƙura da ke sauya allura.

Ɗan Birni:
Na karɓi gyara Injiniya. Amma duk wannan Linux ɗin ba zai yi wa mai ɗaukar hoto yawa ba? Me zai hana ya sa Recuva ko EaseUS a Windows kai tsaye?

Injiniya:
Da C5 sifili ne, da ban ja da kai ba. Waɗannan manhajojin an gina su ne a kan zaton faifan yana amsawa. Suna yawo gaba da baya a kan faranti suna neman fayiloli, in suka ci karo da muguwar sekta sai su tsaya suna ta maimaitawa, Windows ma yana nasa maimaicin a ƙarƙashinsu. Bayan awa shida sai faifan ya ɓace daga kwamfuta, ba a fitar da komai ba, kuma babu taswirar da za a ci gaba da ita. Bayan an yi kwafi.img kuwa, ya gwada duk manhajar da ya ga dama a kansa, ko sau goma.

Malama:
A kan kwafin, ka fara da testdisk kwafi.img. Shiga Analyse, Quick Search, in fatishan ɗin ya fito danna P ka ga fayiloli da sunayensu, ka zaɓa ka kwafe da C. NTFS yana ajiye kwafin sektarsa ta farko a ƙarshen fatishan, to in ta farkon ce ta lalace, a Advanced, Boot akwai Backup BS da ke dawo da ita. PhotoRec, wata manhajar ciro fayiloli, ka bar shi ya zama na ƙarshe. Yana gane JPG da CR2 na Canon da NEF na Nikon ta hanyar kan fayil ɗin, amma ba ya dawo da suna ko jaka, za ka samu dubban hotuna masu lamba a recup_dir, bikin wannan a gauraye da na wancan. Manyan bidiyo da aka rubuta a warwatse kuma sau da yawa ba sa buɗewa in ta nan suka fito.

Sannan ka duba katin kyamarorin. In ba a ɗauki sabon aiki a kansu ba bayan fomat, PhotoRec kan ciro hotunan daga katin kansa. A daina amfani da su yau.

Ɗan Maraɗi:
Baba, ana cewa a sa faifai a firiza ya kwana sai ya tashi. Akwai gaskiya a ciki?

Baba Mai Gyara:
Babu, ɗana. Tsakanin allura da faranti 'yan nanomita ne, ƙwayar ƙurar hunturu ma dutse ce a wurin. In ka fito da faifai daga firiza cikin zafinmu, raɓa ce za ta kwanta a cikinsa, allura ta bi ta kai ta kankare farantin. Haka kwance murfin azurfar da ke rufe farantin a kan teburin shago. Wanda ya buɗe don ya leƙa ya rage wa mai gyaran gaskiya damar da yake da ita.

Mai Hoto:
Allah ya saka da alheri. An samo aron 2TB, aikin ya fara. Sai tambaya ta biyu. SSD zan saya in huta gaba ɗaya?

Ɗan Birni:
SSD mana. Babu abin da ke juyawa a ciki, ba ya tsoron girgizar babur ko faɗuwa daga tebur. SSD na SATA yana ba da kusan 550 MB a daƙiƙa, nau'in da ya fi shi sauri, NVMe na PCIe 3.0, yana kai 3,500. HDD mai inci 2.5 da ƙyar yake wuce 130. Ga mai yanka bidiyo babu haɗi.

Malama:
Don aiki na yarda. Don ajiya ban yarda ba. SSD caji yake riƙewa a cikin ƙwayoyinsa, cajin kuma yana zurarewa a hankali in an ajiye shi babu wuta, zafi yana ƙara masa sauri. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin irin waɗannan kayan, ga SSD na gida ita ce, wanda ya cinye adadin rubutunsa ya riƙe bayani shekara ɗaya a digiri 30. Sabo yana wuce haka nesa, amma ku tuna durowar shago mai rufin kwano a watan Afrilu ta fi digiri 40. Na biyu, HDD yakan yi gargaɗi, kamar yadda wannan ya yi da C5. SSD in IC mai sarrafa shi ya mutu, lokaci ɗaya yake ɓacewa. Na uku akwai TRIM: abin da ka goge bisa kuskure a SSD, sau da yawa faifan yana share shi da kansa cikin ɗan lokaci, manhajar ciro fayil ta rasa abin samu.

Abin da ya kai mu nan kuma kwafi ɗaya ne, ko wane irin faifai ne. Tsarin da ya dace da mai hoto: SSD 1TB na aikin da ake kai, HDD biyu na ajiya masu ɗauke da abu iri ɗaya, ɗaya a shago ɗaya a gida. Kar a yi wa katin kyamara fomat sai aikin ya shiga wuri biyu. FreeFileSync yana daidaita faifai biyu kyauta.

Ɗan Birni:
Malama faifai uku a wannan tsadar? Ba kowa zai iya ba.

Malama:
To ya fara da HDD biyu ya jinkirta SSD. Jinkirin aiki ana jure shi, amma amaryar da aka ce wa hotunan ɗaurin aurenta sun tafi babu abin da za a ba ta a madadinsu.

Injiniya:
A kan HDD akwai abin da ba a rubutawa a kwali. Yawancin ƙananan faifan inci 2.5 na yanzu daga 1TB zuwa sama SMR ne, wato layukan rubutu suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi. Gyara layi ɗaya yana tilasta sake rubuta na kusa da shi, shi ya sa suke da wani yanki na saukar gaggawa. In ka tura 200 GB a zama ɗaya yankin ya cika, gudun sai ya faɗo ƙasa sosai, kuma bayan an gama kwafi faifan yana ci gaba da jera kaya a cikinsa. Irin wannan ka bar shi 'yan mintuna, ka cire shi ta Safely Remove. Don zuba kaya a ajiye ba laifi. Don rubutu na kullum nemi CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna, mai inci 3.5: WD Red Plus, Seagate IronWolf, Toshiba N300. Kalmar Plus ɗin nan tana da dalili, a 2020 ne aka gano wasu WD Red daga 2TB zuwa 6TB SMR ne, kamfanin ya ware na CMR da wannan suna.

Baba Mai Gyara:
In inci 3.5 ne, USB kaɗai ba ya tayar da shi, yana son bolt 12 daga adaftarsa, yawanci amfiya 2. Bakin adaftar kuma yana kama da na cajar laftof mai bolt 19. Hannu ɗaya ya yi kuskure, ka ji ƙauri. Akwai diyod na kariya a bodin kusa da bakin wuta da ke ƙonewa ya tare sauran, mai gyara zai gane shi da mita. In lalacewar ta wuce nan aka nemo bodi iri ɗaya, dole a ɗauko ƙaramin IC mai ƙafa takwas daga tsohon a mayar kan sabon, a cikinsa saitin wannan faifan yake. Ɗaura wa adaftar jan tef tun ranar farko.

Ɗan Maraɗi:
Ni shawarata a SSD ɗin waje, ya sayi M.2, wato siririn SSD tsirara, daban da gidansa na USB daban, in gidan ya lalace a sauya shi kaɗai. Amma a kula, M.2 siffa ce kawai, akwai na SATA akwai na NVMe. Mai giɓi biyu a baki yawanci SATA ne, mai giɓi ɗaya NVMe, sai dai a karanta takardar jikinsa don akwai masu saɓawa. Gida mai JMicron JMS583 ko ASMedia ASM2362 NVMe kaɗai yake gani, ka sa SATA ya shiga daram amma ba zai fito ba. Realtek RTL9210B yana ɗaukar duka biyun. 2280 da ake rubutawa faɗi milimita 22 ne, tsawo 80. Nemi gidan alminiyom, kuma ka manna ɗan kushin nan na ɗebe zafi da ke cikin kwalin bayan ka ɓare ledarsa ta fuska biyu, in ba haka ba ya yi zafi ya rage gudu da kansa.

Kar a kashe kuɗi a kan NVMe mai gudun 7,000 don a sa shi a USB. Kafa mai 10Gbps kusan 1,000 MB take bayarwa, mai 5Gbps kusan 400 zuwa 450. In ka ga 40 kacal, kebul ɗin cajin waya ka sa, bakinsa USB-C ne amma cikinsa USB 2.0.

Malama:
A ƙara da TLC da QLC, nau'o'in ƙwayoyin ajiya na SSD. Na QLC yana gudu har ma'ajiyarsa ta gaggawa ta cika, daga nan wasu suna faɗowa ƙasa da HDD. Mai tura manyan bidiyo ya nemi TLC ya duba TBW, wato jimillar abin da kamfani ya lamunce a rubuta. Na Samsung 870 EVO 1TB 600 TB ne, na Crucial MX500 1TB 360 TB.

Baba Mai Gyara:
Jabu kuma ya cika kasuwa, araha ba ta ado. SSD na waje da aka rubuta 8TB ko 16TB a kuɗin filash, in ka fasa ɗan kati ne a ciki da aka yi wa ƙarya a kan girmansa, wani har da ƙarfe a manne don ya yi nauyi. Yana karɓar kaya ba musu, yana rubuta sabo a kan tsoho, sunayen fayiloli suna nan amma cikinsu wayam. H2testw yana cika faifai duka ya karanta ya gaya maka girman gaskiya. Yi wannan kafin ka zuba aikin mutane, kuma ka yi sharaɗin mayarwa da mai shago tun kafin ka biya. 1TB ya nuna 931 GB kuwa ba cuta ba ce, kamfani da dubu yake lissafi, Windows da 1,024. In faifan ɗan gwanjo ne ka duba layin 09 a CrystalDiskInfo, awannin da ya yi a kunne, amma ka sani ana iya goge shi.

Mai Hoto:
NTFS zan yi wa sababbin ko exFAT? Akwai mai yanka mana bidiyo da MacBook.

Injiniya:
Na ajiya NTFS, a kan tsarin fatishan na GPT. NTFS yana da littafin da yake rubuta abin da zai yi kafin ya yi, shi ya sa ya fi jure ɗaukewar wuta. exFAT ba shi da wannan, amfaninsa Mac da Windows duk suna rubutu a kansa, Mac kuwa karanta NTFS kawai yake yi. Ka ba SSD ɗin da ke yawo tsakaninku exFAT, amma kar ya zama shi kaɗai ke riƙe da aiki. FAT32 ka manta da shi, ba ya ɗaukar fayil da ya kai 4 GB.

Mai Hoto:
Alhamdulillah, zagayen farko ya ƙare da asuba, ya nuna 99.97%. Babu ƙas-ƙas. In sa na biyun, ko in tsaya haka?

Injiniya:
Kashe marar lafiyan ya huce tukuna. Buɗe kwafi.img da TestDisk ka fitar da jakunkunan bikin uku zuwa sauran wurin da ke kan 2TB ɗin, ka buɗe bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya ka ja su har ƙarshe. Abin da ya rage kusan 300 MB ne, yana iya faɗawa a wurin da babu komai. In TestDisk ya kasa nuna jakunkunan, ko wani bidiyo ya tsaya a tsakiya, sai ka mayar da faifan ka sa zagaye na biyu da taswira.map ɗin nan dai. Ka sake duba lsblk kafin ka danna Enter.